Kwafi ya ƙare, faifai bai gama karɓa ba: yadda na ƙaurar da faifan kwamfutar kwaikwayo

Aikin a baki bai fi jimla ɗaya ba: a ɗauke faifan wata kwamfutar kwaikwayo daga tsohuwar saba, wato babbar kwamfutar da ke yi wa wasu hidima, a kai sabuwa. Kwamfutar kwaikwayo ita ce wadda ke zaune a cikin wata kwamfutar. Masu sana'ar na kiran ƙaramar baƙo, babbar kuma mai masauki, kuma a wannan aikin duk faifan baƙon fayil guda ne a wurin mai masaukin. Tsohuwar sabar tana kan Linux, da KVM da libvirt masu tafiyar da baƙi, RAM ɗinta 128 GB ne, kusan 90 GB a ciki ba a cin moriyarsa, akwai kuma wasu baƙi huɗu da ke aiki waɗanda ba a son a taɓa su. Fayil ɗin qcow2 ne, sigar da ke cin wuri gwargwadon abin da baƙo ya rubuta, baƙon na ganin 100 GB, amma abin da ya ci a kan SSD 40 GB ne. Babu hanyar sadarwa mai sauri tsakanin sabobin, don haka sai an bi ta faifan USB mai juyawa wanda ke rubuta kusan 120 MB a daƙiƙa. Riƙe waɗannan alƙaluman, domin da su ne aka kama ƙaryar daga baya.

Matakin farko shi ne kashe baƙon, kuma tun nan ake fara tuntuɓe. Umarnin virsh shutdown roƙo ne kawai, yana dawowa nan take alhali baƙon na can yana tattara kayansa. Na dinga duba virsh domstate har ya nuna shut off, wanda ya ɗauki kusan daƙiƙa arba'in saboda rumbun bayanan da ke ciki. Jiran ya zama dole domin baƙon ma yana da tasa ma'ajiyar wucin-gadi a RAM ɗinsa, kuma abin da bai sauke wa faifansa ba, babu shi a fayil ɗin da za a kwafa. Daga nan na duba virsh domblklist don sanin ainihin fayil ɗin, sannan qemu-img info --backing-chain don tabbatar ba ya jingine da wani fayil na tushe. Qcow2 mai jingina, in aka kwafe shi shi kaɗai, gangar jiki ce aka ɗauka aka bar ƙafafu. Wanda ba shi da damar kashe baƙo sai ya bi ta virsh snapshot-create-as da --disk-only da --atomic da --quiesce, wanda ke sa qemu-guest-agent ya daskarar da tsarin fayil na ɗan lokaci, sabon rubutu ya koma wani fayil, tsohon ya tsaya cak a kwafe shi. In an gama a haɗe su da virsh blockcommit --active --pivot. Ni ina da damar kashewa, sai na bi gajeriyar hanya.

Na haɗa faifan USB mai ext4, na buga cp, umarnin kwafi na yau da kullum, kamar yadda kowa zai yi. Rabin minti na farko abin ya yi gudu, kusan 500 MB a daƙiƙa, gudun da faifan nan ba zai taɓa yi ba. Sai ya ja birki. A daidai lokacin ne sauran baƙin suka fara nauyi, ɗaya daga cikinsu ma ya daina amsa ssh na wasu daƙiƙoƙi. Na buɗe wata taga na sa watch a kan layuka biyu na /proc/meminfo, wato Dirty da Writeback, sai ga Dirty ya haura 14 GB ya zauna a can. Wannan lamba bashi ne. Idan shiri ya ce wa Linux ya rubuta abu, kanel, wato zuciyar tsarin, yana ajiye shi a RAM ya ce an rubuta, sannan ya riƙa biyan faifai a hankali ta bayan fage. Ma'auni biyu ne ke tafiyar da bashin: vm.dirty_background_ratio, wanda asalinsa 10 ne, shi ne inda kanel ke fara biya, da vm.dirty_ratio, wanda asalinsa 20 ne, shi ne rufin da ba a wucewa. Kason ana lissafa shi ne daga RAM ɗin da ake iya amfani da shi, ba daga jimillar RAM ba, don haka a nan 9 GB da 18 GB ke nan. Kanel ba ya jira a kai rufin, daga tsakiyar biyun yake fara ja wa mai rubutu linzami, shi ya sa birkin ya zo wajen 13 GB da ɗoriya. Waɗannan ma'aunai sun dace da zamanin da RAM ke da ƙaranci. A saba mai RAM da yawa, kashi 20 cikin ɗari tudu ne da faifai mai jinkiri zai yi mintuna yana kwasa.

Nauyin da baƙin suka yi ya fito ne ta hanya biyu. Biyu daga cikinsu suna kan cache=writeback, ma'ana rubutunsu na bi ta ma'ajiyar mai masauki ɗaya da cp ya cika, sai suka shiga layi ɗaya da shi. Na biyu kuma, kwafin ya cusa fayil na asali da sabon duka a RAM, 80 GB ke nan, ya kori abin da wasu ke buƙata, har vmstat ya nuna an fara tura ɓangaren RAM ɗin baƙi zuwa swap, wato wurin da ake sauke abin da RAM ya kasa riƙewa a faifai. Na gwada ionice, mai rage wa shiri fifiko wurin amfani da faifai, a kan cp, bai canza komai ba, kuma da dalili: ba cp ke rubutawa faifai ba, zarurrukan kanel ne ke biyan bashin, shi cp iyakarsa RAM.

Bayan minti uku da rabi cp ya dawo ba tare da kuskure ba. Na buga sync, umarnin da ke sa a biya bashin duka, ya yi shiru kusan minti biyu, Dirty na sauka har ya kusa sifili, shi ma ya dawo bai ce komai ba. Na ɗauki zanen yatsan fayilolin biyu da sha256sum, wato lambar da ke sauyawa in abin da ke cikin fayil ya sauya, suka yi daidai. Sauran kaɗan in zare faifai in wuce, abu ɗaya ya tsayar da ni: tantance kwafin ya ƙare cikin minti ɗaya da rabi. Faifan da ke ba da 120 MB a daƙiƙa yana buƙatar sama da minti biyar kafin ya karanta 40 GB. Na maimaita ina kallon iostat -x, sai na ga ba a karanta komai daga faifan USB ɗin ba. Ashe RAM na tantance da RAM, faifan ko tambayarsa ba a yi ba.

Na sake ɗaukar zanen yatsan ta hanyar da ke tsallake ma'ajiyar: dd if=kwafi.qcow2 iflag=direct bs=4M status=none, aka zuba shi cikin sha256sum. Wannan karon ya ci minti shida, kuma lambar ta bambanta. Gabana ya faɗi, domin da tuni wannan kwafin na hanyar zuwa sabuwar saba. A dmesg, wato rahoton kanel, na sami bayani: ana tsakiyar biyan bashi mahaɗin USB ya sake saita kansa, aka sami layukan I/O error a kan sdc, wato faifan USB ɗin, ext4 kuma ya rubuta gargaɗin cewa wani rubutu bai shiga ba. Nan ne ya kamata mutum ya tsaya ya fahimci abin, don shi ne zuciyar matsalar. Lokacin da kuskuren ya faru cp ya riga ya miƙa wannan ɓangaren ya wuce, babu wanda zai gaya masa. Shi kuma sync in aka buga shi tsirara, ba tare da sunan fayil ba, ba ya dawo da kuskuren rubutu ko kaɗan, haka kiran yake a Linux. Mafi muni, idan rubutu ya gaza, kanel na iya ɗaukar waɗannan shafukan a matsayin masu tsabta ya bar su a RAM, sai duk mai karantawa ya ga bayanai lafiya lau waɗanda babu su a faifai. Wannan hali ne masu PostgreSQL suka yi ta muhawara a kansa a 2018, har suka sauya yadda rumbun nasu ke ɗaukar gazawar fsync. Wanda ke ba da labarin kuskure shi ne fsync, kiran da ke tilasta sauke fayil guda zuwa faifai, a kan fayil ɗin kansa. A coreutils daga 8.24 ana iya buga sync da sunan fayil ya yi hakan, sync -f kuma ya sauke tsarin fayil ɗin gaba ɗaya, amma shi wannan sai daga kanel 5.8 ya fara dawo da kuskure.

Na sauya kebul da mashiga, na gudanar da fsck, mai duba lafiyar tsarin fayil, a kan faifan, na goge kwafin, na koma farko. Kafin in sake, na rage bashin da kanel zai iya ci: sysctl -w vm.dirty_background_bytes=67108864, wato 64 MB, da vm.dirty_bytes=536870912, wato 512 MB. Da zarar an saita na bait, takwaransa na kaso zai koma nuna 0, kada ka firgita, ɗaya ne ke aiki a lokaci guda. In kana son komawa sai ka sake saita kason 10 da 20, na bait ya koma sifili. Wannan gyara ya shafi sabar duka, don haka na rubuta tsofaffin lambobin a gefe kafin in taɓa. Shi kaɗai ya isa ya sa cp ya yi tafiya daidai da faifai, amma ba ya hana fayilolin cika RAM, kuma ba ya kawo rahoton kuskure.

Saboda haka kwafi na biyu da dd na yi shi: dd if=asali.qcow2 of=kwafi.qcow2 bs=4M iflag=direct oflag=direct conv=fsync status=progress. Kowane guntu yana da aikinsa. Direct a ɓangarorin biyu yana sa karatu da rubutu su bi ta gefen ma'ajiyar, don haka Dirty bai motsa ba, baƙin ba su ji komai ba, kuma in faifai ya ƙi karɓa dd zai tsaya a wurin da kuskure a bakinsa. Girman bs ba ado ba ne: asalin dd bait 512 ne, kuma a yanayin direct kowane rubutu sai ya je faifai ya dawo, da wannan girman aikin mintuna zai koma na awanni. Shi kuwa conv=fsync mutane da yawa na ganin an gama da shi tunda an sa direct, alhali ba haka ba ne. Direct ya tsallake RAM ɗin mai masauki ne kawai. Bai tilasta wa faifai ya zazzage tasa ƙaramar ma'ajiyar ba, bai kuma tabbatar da bayanan tsarin fayil kamar girman fayil da wuraren da aka ware masa ba. Fsync na ƙarshe ne ke rufe waɗannan. Akwai oflag=sync da oflag=dsync da ke tilasta saukewa bayan kowane guntu, amma a kwafin fayil guda ɓata lokaci ne, tunda kwafin da ya tsaya a rabi ba shi da amfani ko an sauke shi. Wasu tsare-tsaren fayil ba sa karɓar direct, sai dd ya ce Invalid argument. A irin wannan a cire direct a bar conv=fsync, a dogara da ƙaramin dirty_bytes.

Alƙaluman status=progress sun tsaya a kan 118 zuwa 121 MB a daƙiƙa tun daga farko har ƙarshe, aka gama cikin minti biyar da daƙiƙa arba'in. A ido ya fi cp daɗewa, amma in ka haɗa minti uku da rabi na cp da minti biyu na sync, lissafin ɗaya ne. Faifan bai taɓa sauri ba, wurin da ake jira ne ya sauya. Na bi da sync -f a kan faifan don sunan fayil ɗin ma ya zauna a kundinsa, na duba dmesg babu sabon layi, na ɗauki zanen yatsa da iflag=direct, ya yi daidai. Wanda ya fi son sha256sum kai tsaye zai iya korar fayil ɗin daga RAM tukuna da dd if=kwafi.qcow2 iflag=nocache count=0, ko ya yi umount ya sake haɗawa. Rubuta 3 a /proc/sys/vm/drop_caches ma yana yi, bayan sync domin ba ya taɓa shafukan da ake bin bashi, amma yana zubar da ma'ajiyar kowa, kuma a sabar da ke da baƙi masu aiki wannan kamar rushe gida ne don a kama ɓera. Na ƙara da qemu-img check, wanda ke duba tsarin cikin qcow2. Shi ba ya maye gurbin zanen yatsa, domin ɓarnar da ta faɗa cikin bayanan baƙo ba ta taɓa jadawalin qcow2 ba, ba zai gan ta ba.

Bayan ma'ajiyar baƙo da ta mai masauki, saura hawa na uku, ma'ajiyar faifan kansa. Fayil ɗin /sys/block/sdc/queue/write_cache yana nuna abin da kanel ya ɗauka, ko write back ko write through, hdparm -W kuma yana tambayar faifan. Wasu akwatunan USB ba sa bayyana gaskiyar faifan da ke cikinsu, sai ka ga dmesg ya rubuta Assuming drive cache: write through. In kanel ya ɗauki haka, ba ya aika umarnin zazzagewa, ko da faifan na riƙe da wani abu. Don haka bayan umount ban fizge kebul ba, na buga udisksctl power-off -b /dev/sdc, na jira juyawar ta tsaya. Daƙiƙa goma ne kawai.

A sabuwar saba faifan baƙon zai zauna ne a kan yankin LVM, wato wurin da aka yanka masa daga faifan sabar, ɗanye, ba qcow2 ba. Na yanka shi da lvcreate -L 100G, daidai girman da qemu-img info ya nuna baƙon na gani, ba 40 GB na fayil ba. Juyarwar aikin qemu-img convert ne, kuma a nan akwai tarkon da ba kowa ya sani ba: asalin yanayin ma'ajiyar wurin da yake rubutawa unsafe ne, wanda ke watsi da duk buƙatar saukewa. An yi haka don sauri, bisa tunanin in wuta ta ɗauke ana tsaka da juyarwa sai a sake. Matsalar ita ce yana kai 100% ya fita alhali babu tabbacin komai ya zauna. A kan saba ɗaya, baƙon da aka kunna nan take zai ga bayanai daidai, domin kanel na sauke abin da ake bi kafin karatun direct. Haɗarin na ga ɗaukewar wuta a mintunan da ke biye, da kuma faifan da saba biyu ke tarayya a kai, inda ɗayar za ta karanta faifai ta ga tsohon abu. Abin da na buga shi ne qemu-img convert -p -n -f qcow2 -O raw -T none -t none -W, sai fayil na asali, sai hanyar yankin. Ƙaramin t na wurin rubutu ne, babban T na wurin karatu, none kuma na nufin direct tare da girmama saukewa. Da -n aka hana shi ƙirƙirar sabon fayil tunda yankin na nan, -W kuma ya ba shi damar rubutu ba bisa jeri ba, wanda ya dace da faifai ɗanye amma yana warwatsa qcow2 in shi ne makoma.

Ci gaban ya yi tafiya ba daidai ba, wani wuri gudu wani wuri rarrafe, domin 60 GB da baƙon bai taɓa rubutawa ba sai an cika su da sifili a kan yankin. Akwai masu gajarta wannan da conv=sparse na dd, ko --target-is-zero na qemu-img. A kan sabon fayil babu laifi, ramin da aka tsallake sifili yake karantuwa. A kan yankin LVM na yau da kullum kuwa, abin da aka tsallake tsofaffin bayanan wanda ya riga ka zama a wurin ne, baƙon zai karanta su a inda yake tsammanin sifili. Ni ban yarda da wannan gajeriyar hanya ba sai a yankin da na tabbatar an share shi. Zanen yatsa ba ya aiki tsakanin qcow2 da ɗanye tunda sigarsu ta bambanta, sai na yi qemu-img compare -T none -f qcow2 -F raw, wanda ke kwatanta abin da baƙo zai gani. Ya ɗauki lokacin karanta faifan USB gaba ɗaya, sannan ya ce Images are identical.

Kafin kunnawa na gyara bayanin baƙon da virsh edit: nau'in faifai ya koma block, tushe ya koma hanyar yankin, type ya koma raw, na sa cache='none' da io='native'. Na biyun ba ya aiki sai da yanayin direct, wato none ko directsync. Yanayoyin guda biyar ne, kuma tambaya biyu ce ta raba su: ana bi ta RAM ɗin mai masauki, kuma yaushe ake saukewa. Writeback na bi ta RAM yana saukewa in baƙo ya nema. None na tsallake RAM yana saukewa in baƙo ya nema. Writethrough na bi ta RAM yana saukewa bayan kowane rubutu, directsync na tsallakewa yana yin haka. Unsafe ba ya saukewa ko an roƙe shi, amfaninsa sai wurin girka tsarin da za a iya zubarwa. Sunan none na rikita mutane, suna zaton babu ma'ajiya ko ɗaya, alhali ta faifan na nan, kuma amincin ya dogara ne da baƙon na aika buƙatar saukewa, abin da ext4 da XFS da NTFS ke yi da kansu in ba a kashe musu ba. Baƙon ya tashi lafiya, rumbun bayanan ya buɗe ba tare da gyara ba.

Da zan maimaita, cp tsirara ba zai shiga aikin ba ga fayil da ya kai rabin RAM ɗin da ke sake, sai dd da direct da fsync, ko qemu-img da -t none. In ta hanyar sadarwa ce, rsync ma RAM yake miƙa wa, don haka a sa --fsync a sigogin da ke da shi, ko a buga sync da sunan fayil a can ɓangaren, a kuma sa --sparse in fayil ɗanye ne mai ramuka, in ba haka ba 40 GB zai kumbura ya zama 100. A kan NFS, hanyar raba fayiloli ta sadarwa, a duba ko an fitar da rabon da async, domin a wannan yanayin sabar na cewa ta rubuta tun abin na RAM ɗinta. In faifan makoma shi ne wanda baƙi ke kai, direct kaɗai ba zai hana cunkoso ba, sai an rage gudu da --bwlimit na rsync ko -r na qemu-img convert a sigogin da ke da shi. Kafin kowace tantancewa a raba girman fayil da gudun faifai a san mintunan da ya kamata ta ci, in ta gama ƙasa da haka daga RAM ta karanta. A duba dmesg bayan kowane kwafi ko da umarnin ya fita lafiya. Tsohon fayil ɗin na bar shi a tsohuwar saba mako guda, na cire wa tsohon baƙon tashi da kansa da virsh autostart --disable don kada su biyun su tashi da adireshi ɗaya, sannan na mayar da vm.dirty_background_ratio zuwa 10 da vm.dirty_ratio zuwa 20 kamar yadda na same su.